Turmin Yaya Fadi

Ni Ƙande, an ce ba ni da kunya. Na ji, na kuma amsa. Kunya ce ta kusa kashe mini ƴar'uwa a cikin gidan siminti a Magarya, saboda haka duk mai son ya zage ni a kan abin da na yi, ya zo Yekuwa ya same ni. Gidanmu ba ɓoyayye ba ne.

Yaya Fadi ita nake bi, nono ɗaya muka sha. Shekara arba'in tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kafin rana ta yi zafi ta je rijiya sawu uku, ta hura wuta, ta soya gyaɗa, ta murje, ta fece, ta shiga daka. Ranar kasuwa ta aza kwalla a ka ta taka da ƙafa, ni ina binta ina haki. Bakinta kuwa ba ya hutawa. Idan ka ji mata sun kwashe da dariya a bakin rijiya, ba sai ka tambaya ba, Fadi ta iso.

Bara waccan mijinta Malam Adamu ya rasu. Ta yi takabarta lafiya. Ranar da ta fita, sai ga ɗanta Mahdi da mota daga Magarya, inda yake aiki a buro, wato ofis. Kada wani ya je ya ce na ce yaron mugu ne. Wallahi ba mugu ba ne, son uwarsa yake yi kamar ransa. Ya durƙusa gaban dangi ya ce, "Iya ta wahala a kanmu. Daga yau na sauke mata kaya. Kanta ba zai ƙara ɗaukar ko faifai ba." Kowa ya shiga sa masa albarka. Har da ni a cikin masu sa albarkar, Allah ya yafe mini.

Ita Yaya ba ta ce uffan ba. To me za ta ce? Mahdi ɗan fari ne, kuma kun san yadda muke da ƴaƴan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallon tsabar idonsa ba. Yana ƙarami "wancan yaron" take cewa, da ya girma ya koma "mutumin Magarya". In tana da magana da shi, ni take faɗa wa ko da yana zaune a wurin. Mace irin wannan ce za ta buɗe baki ta ce wa ɗan farinta ba ta son alherinsa?

Ana loda kayanta ta ja ni gefe ta ce, "Ƙande, turmin fa?"

Na ce, "Haba Yaya, me za ki yi da turmi a gari? Ga inji ko'ina."

Ta daɗe tana kallon turmin, sannan ta ce in ajiye mata shi a inuwa kada ya tsage.

Da farko idan na kira ta a waya muna hira. Daga baya ya koma "lafiya lau" da "sai an jima". Daga nan sai Ramatou, matar Mahdi, ta riƙa ɗauka tana cewa Iya na kwance. Wata takwas ana haka. Ran wata Litinin Ramatou ta kira ni da kanta, tana kuka.

"Inna Ƙande, ki zo. Iya ba ta ci, ba ta barci, ba ta magana. Sati uku ke nan ba wanda ya ji muryarta. Dangin baban maigida sun ce iska ce. Ran Asabar za a kai ta wurin wani mai magani gaba da Bande."

Na san irin gidan. Ɗaki ake kulle mutum, wanda ya yi gardama a sa masa mari a ƙafa. Na ce, "Ke Ramatou, tsaya. Da rana me take yi?"

"Ba ta yin komai, Inna. Ai ba ma barin ta."

Na yi tsaki har sai da makwabciyata ta leƙo. Washegari na ɗaure turmi da taɓarya biyu da rabin buhun gyaɗa, aka ɗora mini a motar kasuwa. Direba ya ce ko aure zan kai, na ce ya ja motarsa ya bar ni da abin da ya dame ni.

Gidan Mahdi gida ne, ba ƙarya. Siminti har tsakar gida, ga pampo, ga firigo mai sanyaya ruwa, ga ƴar aiki. Na tarar da Yaya a ɗaki bisa kujera mai taushi, tele na ta surutu a gabanta, ita kuwa bango take kallo. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Na ce, "Yaya, ni ce." Ta ɗago ido ta dube ni kamar yadda ake duban baƙon da ya ɓata hanya, ta mayar da kai. Na kama hannunta. Hannun nan da na sani mai kanta da kaushi, wanda in ta mare ka sai ka kwana biyu kana ji, ya koma laushi kamar na jariri. A nan na zauna a ƙasa na yi kukana mai isata.

Ramatou madam ce a lakwal, wato malamar makaranta, yarinya mai hankali, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce idan Iya ta ɗauki tsintsiya a karɓe, idan ta nufi madafa a ce ta koma ta huta, ko butarta ƴar aiki ke cika mata. Sun kai ta asibiti, an auna tansiyo ko hawan jini ne, an ɗebi jini, likita ya ce jiki lafiya, damuwa ce ta yi mata yawa. Ya ba da magani, ya ce a bar ta ta riƙa motsa jiki, ta shiga cikin mutane.

Na ce, "To sai aka yi yaya?"

Ta shiga ɗaki ta fito da wasu fararen takalma irin na ƴan ƙwallo. Wai Mahdi ne ya sayo, ya ce a gaya wa Iya ta riƙa zagaya tsakar gida sau goma kowace safiya. Ta yi rana ɗaya. A zagaye na uku ta tsaya ta ce, "Ramatou, ina za ni?" Ramatou ta ce ba ko'ina. Yaya ta cire takalman ta ce a garinsu mahaukaci ne kaɗai ke tafiya ba inda za shi. Ba ta ƙara sa su ba.

Da azahar Mahdi ya dawo, ya ci karo da turmi a tsakar gida. Ya gaishe ni da ladabi, sannan ya nuna shi da makullin mota.

"Inna Ƙande, wannan fa?"

"Turmi ne. Ko karatun ya hana ka gane shi?"

"Inna, don Allah. Unguwar nan duk ma'aikata ne. Su ji daka a gidana, su ce na ɗauko uwata daga ƙauye na sa ta bauta? Hutu na kawo ta ta yi."

Na ce, "Kai Mahdi, ni ba ni na haife ka ba, ba na jin kunyarka, zan kira sunanka sau ɗari. Ka ɗauko mace mai lafiya ka ajiye ta kamar buhun da aka manta a rumbu, yanzu kana cewa iska. Wace iska? Hutunka ne ke cin ta!"

Ransa ya ɓaci, amma ya danne. Ya ce shi dai ya riga ya yi magana da kawunnansa na wajen uba, Asabar tana nan. Na ce Allah ya kai mu.

Ban lallashi Yaya ba. Na san halin kayana, lallashi ba ya tayar da ita. Ran Laraba na shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakinta, na zube gyaɗa, na shiga ɓara ina ba ta labarin Yekuwa: wa ya haihu, wa ya sayar da sa, gugan wa ya faɗa rijiya. Ko tari ba ta yi ba. Ran Alhamis na tura ƙwaryar gyaɗar har gindin ƙafarta, na yi kamar na manta da ita. Can da la'asar na saci kallo, na ga hannunta ya sauka, ya ɗauki ɗaya, ya matsa, ƙas. Idonta na bango. Ta ɓare kamar guda goma, ta daina. Na yi kamar ban gani ba.

Ran Juma'a da hantsi, Mahdi ya fita, na samo duwatsu uku na kafa murhu a bisa simintin nan nasa mai tsada. Na aza kasko, na zuba gyaɗa, na cusa itace har wuta na lasar bakin kaskon. Na naɗe hannu na zauna. Da gangan na yi. Gyaɗa ta fara ƙauri, hayaƙi ya cika gida, ƴar aiki ta fito da gudu, na daka mata harara ta koma.

Sai na ji wata murya a shaƙe daga cikin ɗaki.

"Ƙande, rage wuta."

Ramatou na tsaye bakin pampo, kofin da ke hannunta ya faɗi. Ni kuwa na ƙara itace ɗaya.

"Ƙande! Za ki ƙona ta!"

Na ce, "Ta ƙone mana, gyaɗar wani ce?"

Sai ga ta a bakin ƙofa, tana dafa bango. Ta zo ta fizge muciya daga hannuna, ta janye itace biyu da ƙafa, ta sunkuya ta fara juyawa. "Tun kina yarinya ba ki da haƙuri," in ji ta. "Dubi ɓarna. Dubi!" Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Ta juya kasko biyu, gumi ya jiƙa mata riga, ta zauna. Da aka kawo tuwo ta ci loma shida, ni na ƙirga. Bayan la'asar barci ya kwashe ta a kan tabarmata, har da minshari.

Amma da Mahdi ya shigo da yamma, ta ja mayafi ta koma ɗaki ta yi tsit. Muka gaya masa abin da ya faru, ya girgiza kai. Ya ce juya gyaɗa na rana ɗaya ba warkewa ba ne, kuma ya ga abin da aka yi wa simintinsa.

Asabar da safe mota ta tsaya a waje, da kawunnansa biyu a ciki. Na mirgina turmin nan har bakin ƙofar gida, na kife shi, na hau na zauna, na gicciye taɓarya a cinya.

"Inna Ƙande, ki tashi."

"Ba na tashi."

"Don girman Allah, mutane na kallo."

"Su kalla! Ai su kake tsoro, ba Allah ba. Ku zo ku gani, jama'a! Ɗa zai kai uwarsa a sa mata mari don ta gaji da zaman kujera!"

Ƙofofi suka fara buɗewa. Ɗaya daga cikin kawunnan ya fito yana cewa wannan ba maganar mata ba ce. Na ce masa ranar da ya ɗauki ciki wata tara ya zo mu yi maganar. Abin da ban zata ba, sai ga Ramatou ta fito da mayafinta ta tsaya a bayana. Ta ce wa mijinta, "Ni na ji Iya ta yi magana jiya da kunnena. Likita ma abin da ya ce ke nan, mu ne ba mu gane ba. In za a fita da ita, sai dai a ture mu mu biyu."

Mahdi ya dubi matarsa, ya dubi makwabta, ya share gumi. Ya ce ya ba ni wata ɗaya. Amma da sharaɗi: ta ci gaba da shan maganin asibiti, kuma duk abin da za a yi a yi shi cikin gida, kada a gan ta a waje da aiki. Na ce na ji. Kawunnai suka koma da motarsu ba ko sallama.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. Akwai ranar da ta ƙi tashi sam, na yi surutuna na gaji. Hannunta ya yi bororo, ya fashe, muka shafa man kaɗe. Sau ɗaya ta jefar da taɓarya ta ce in kwashe tarkacena in koma Yekuwa. Ban koma ba.

A sati na biyu muna daka, ni da ita, taɓarya na bin taɓarya, sai na ga hawaye na zuba cikin turmin. Ba ta tsaya ba, ni ma ban tsaya ba. Ta fara maganar Malam Adamu, yadda yake satar ƙuli-ƙuli mai zafi yana ƙona baki, yadda ya kira ta sau biyu a ranar da zai cika. Ta ce, "Ƙande, a gida idan abin ya taso mini, sai in zuba gyaɗa in daka har ya lafa. In je rijiya, wata ta tsokane ni, in rama. Nan kuwa sai in zauna da shi, shi ma ya zauna da ni, tun safe har dare. Kuma wa zan gaya wa? Mutumin Magarya?"

Na ce, "Da kin gaya masa."

Ta ce, "Ke dai ba ki da kunya."

Sannu a hankali abinci ya fara shiga, barci ya dawo. Ta ƙwace tsintsiya daga hannun ƴar aiki. Ƙamshin mai ya ja matan unguwa, waɗannan da ake jin tsoron bakinsu, suka riƙa shigowa da kwalabe, su zauna hira. Ranar da na ji Yaya ta ce wa matar wani babban ma'aikaci ɗaurin ɗankwalinta kamar kaza ta kwana a kai, matar ta faɗi da dariya, na shiga bayan ɗaki na yi hamdala.

Wata ya cika ranar kasuwar Magarya. Da sassafe na fito na tarar ta wanke kwalla, ta jera kwalaben mai, ta cika sauran da ƙuli-ƙuli, ta naɗe gammo. Ta sa tsofaffin silifas ɗinta na Yekuwa. Na ce, "Yaya, sharaɗin fa?" Ta ce ita ba ta yi sharaɗi da kowa ba.

Muka ja kwallar har bakin ƙofa. Ta yi nauyin da sai an aza wa mutum. Na sunkuya zan kama ke nan, sai ga Mahdi ya fito cikin farar shadda, zai tafi buro. Ya tsaya cak.

"Inna Ƙande, ba haka muka yi da ke ba."

Ni yake yi wa magana, kamar kullum, uwarsa na tsaye a gefe kamar ba ta nan. Ya ce ya yi haƙuri da hayaƙi, ya yi haƙuri da daka, amma uwarsa ba za ta ratsa gari da kaya a ka ba, ta wuce ta gaban buronsu. Ya ce mai cikakken hankali ba zai bar inuwa da fanka ya nemi rana ba, wannan ma alama ce ciwon bai sake ta ba, kuma mai maganin nan yana nan inda yake.

Na cika baki zan sauke masa abin da ya fi na rannan, sai Yaya ta ɗaga mini hannu.

"Yi shiru, Ƙande."

Ta juya. Ta ɗago kai ta dube shi cikin ido.

"Mahdi."

Shekararsa arba'in da uku, bai taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. Makullin mota ya suɓuce masa, bai ko duba ba.

"Mahdi, na san don Allah ka yi. Allah ya yi maka albarka. Amma wata takwas ina mutuwa a kan kujerarka, kunya ta hana ni faɗa maka. Yau na ajiye ta. Ba ni da iska, ba ni da hauka. Kasuwa za ni, in ga mutane, su gan ni, in dawo a gajiye in yi barci. In ka kulle ƙofar nan, da ƙafa zan koma Yekuwa."

Ta ɗora gammo a ka, ta ɗan rusuna, ta kama kunnen kwalla ɗaya.

"Kai ka sauke mini. Zo ka aza mini."

Makwabta biyu sun fito, suna kallo, ya gan su sarai. Sannan ya tako, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya kama ɗaya kunnen. Suka ɗaga tare. Ya daidaita mata ita a bisa gammo da hannu biyu, kuma bai saki da wuri ba, hawaye na sauka har gemunsa.

"Ta zauna, Iya?"

"Ta zauna. Saki."

Ya saki. Ta miƙe wuya, ta fita, ta kama hanyar kasuwa da irin takunta na da. Na waiwaya na ga mai ya ɗiga masa a gaban farar shaddar. Ramatou ta ce ya shiga ya sake wata, ya ce a bar ta, da ita zai je buro.

Ni kuwa na kwashi sauran kwalabe na bi ta da gudu, ina kiran ta jira ni. Ko waiwayowa ba ta yi ba.